Ga Masu Neman Aiki: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi



Duk wanda ya saba zama a majalisun matasa, ko a Kano ne ko Zariya ko Sakkwato, ya san maganar da ake fara yi da zarar an ji cewa wani ɗan'uwa ya sami takardar gayyata zuwa intabiyu. Kafin a ce masa Allah Ya ba da sa'a, sai an sami mai cewa kada ya ɓata kuɗin motarsa, domin an riga an raba guraben tun kafin a buga sanarwa a jarida. Wani ya ce ai wasan kwaikwayo ne kawai, wani ya tambaye shi ko yana da uwa a gindin murhu. Haka za a yi ta sanyaya masa gwiwa har ranar ta zo, ya tafi ba shiri, ya dawo ba nasara, sannan majalisa ta ce ai dama an faɗa masa.

Ba za a ce masu wannan magana sun ƙirƙire ta daga iska ba. Ranar 15 ga Maris, 2014, an tara matasan ƙasar nan a filayen wasa domin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan Hukumar Shige da Fice. Sama da mutum 500,000 suka nema, kowa ya biya Naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Turmutsitsin da aka yi a Abuja da Fatakwal da Minna ya ci rayukan mutane fiye da 15, mutanen da laifinsu kawai shi ne sun fito neman halas. A 2023 kuma Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman don binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin Gwamnatin Tarayya, kuma abin takaici, har Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai, wadda aka kafa da doka a 1996 don ta tabbatar da cewa kowace jiha ta sami rabonta, ba ta kuɓuta daga zarge-zargen da aka yi a gaban kwamitin ba. Ga masaƙun Kaduna da suka ci da dubban gidaje, irin su KTL wadda aka kafa a 1957, sun rufe tun farkon shekarun 2000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki ba su da aikin yi. Da aka sauya ma'aunin a 2023, aka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1, amma majalisun zaman kashe wando ba su ragu da ko mutum ɗaya ba.

To amma fa gaskiyar magana ita ce, wannan ƙorafi rabin labari ne, kuma ya zama mafakar malalaci. Ba kowane aiki ne aikin gwamnati ba. Mai makarantar kuɗi da yake neman malamin lissafi ba zai ɗauki ɗan ƙanwarsa da bai iya lissafi ba, domin iyaye za su kwashe 'ya'yansu a zango mai zuwa. Mai asibiti da yake neman mai gwajin jini, da mai kamfanin shinkafa da yake neman akawu, da ƙungiyar agaji da take neman wanda zai shiga ƙauyuka ya tattaro bayanai, duk waɗannan aljihunsu ne yake ƙuna idan suka ɗauki wanda bai iya ba. A irin waɗannan wurare intabiyu gaskiya ce, minti ashirin ɗin nan su ne ke raba mai samu da mai rashi. Ko a aikin gwamnatin ma, ba duka guraben ake sayarwa ba, kuma wanda ya ƙi zuwa ya sauƙaƙa wa masu cinikin aikinsu ne kawai. Saboda haka tambayar da ta kamata majalisa ta yi wa ɗan'uwa ita ce: me ya shirya?

Abu na farko da yake kayar da matasan Arewa a gaban kwamitin tantancewa ba rashin ilimi ba ne. Wata ɗabi'a ce mai kyau da aka ajiye ta a inda ba wurinta ba. An tarbiyyantar da ɗan Hausa a kan kunya da kawaici. Ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya ɗaga murya a gaban na gaba da shi, ba ya yabon kansa, idan an yaba masa ma sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ba komai. Wannan ado ne a zaure da gaban surukai. Amma mai karatu ya kwatanta wannan matashi zaune a gaban mutum huɗu, wataƙila biyu daga cikinsu ba Hausawa ba ne, ba su san ma'anar sunkuyar da kai ba. An tambaye shi abin da ya iya, ya kalli takalminsa, ya amsa da muryar da sai an kasa kunne, ya ce "ina dai ɗan taɓawa." A wajensa ladabi ya yi. A takardar da ke gaban shugaban kwamiti kuwa, an rubuta cewa ba shi da ƙwarin gwiwa, kuma da alama bai san aikin ba. Na bayansa ya shigo, wanda bai kai shi rabin sani ba, ya buɗe baki ya yi bayani dalla-dalla, ya tafi da aikin. Wa ya zalunci wa?

Wasu 'yan'uwa ma har addini suke kafawa hujja, suna ganin faɗin abin da mutum ya iya riya ce ko fahariya. Lallai wannan rashin fahimta ne. Duk yaron Islamiyya ya san ƙissar Annabi Yusuf (AS), cewa da ya tsaya gaban sarkin Misira shi da kansa ya nemi a danƙa masa kula da rumbunan ƙasa, kuma ya ambaci siffofi biyu da yake da su, wato riƙon amana da sanin aikin. Bai jira wani ya faɗa a madadinsa ba, kuma bai ƙara a kan gaskiya ba. Haka nan a ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana, abin da ya sa aka ba da shawarar a ɗauke shi aiki shi ne an ga ƙarfinsa an ga amanarsa. Fahariya ita ce mutum ya yabi kansa don ya wulaƙanta wani, ko ya yi da'awar abin da babu. Amma wanda aka kira takanas aka ce ya faɗi abin da zai iya, sannan ya ɓoye, ya cuci kansa, ya cuci iyayen da suka sayar da akuya suka biya masa kuɗin makaranta, ya kuma cuci mai ɗaukar aikin da ya bari ya ɗauki wanda bai kai shi ba. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Kuma akwai hanyar da mai kunya zai bi ya faɗi iyawarsa ba tare da ya ji kamar yana kirari ba, wato ya bar siffanta kansa, ya ba da labarin abin da ya yi. Alal misali, a ɗauka wani ya yi hidimar ƙasa a wata sakandaren ƙauye. Idan ya ce "ni mai ƙoƙari ne, mai haƙuri, mai son aiki," bai ce komai ba, domin mutum talatin da suka riga shi shiga duk haka suka ce. Amma idan ya ce, "Ranka ya daɗe, na tarar da aji uku babu malamin lissafi, na ɗauke su duka, na kuma buɗe darasin yamma kyauta ga masu shirin rubuta WAEC," to ya ba kwamiti abin da za su riƙe. Wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin shagon yayansa a Kantin Kwari, ya faɗi shekara nawa ya yi, da yadda yake rubuta bashi, da yadda ya taɓa gano giɓi ya gyara. Wanda ya koyar a makarantar dare, ko ya shirya taron unguwa, ko ya riƙe asusun wata ƙungiyar taimakon marayu, duk wannan ƙwarewa ce, sai dai da yawa ba sa ƙirga ta saboda ba ta zo da satifiket ba. Ya kamata tun a gida mutum ya zauna da biro da takarda ya fitar da irin waɗannan labarai uku ko huɗu, kowanne da matsalar da ya tarar, da abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Kusan duk tambayar da za a jefo masa, ɗaya daga cikinsu za ta shiga.

Tambayar da kusan kullum ake buɗewa da ita ita ce a ce mutum ya gabatar da kansa. A nan ne ake jin abin dariya mai kama da kuka. Wani zai fara daga unguwar da aka haife shi, ya bi ta kan kakansa da ya yi sarauta, ya faɗi yawan ƙannensa, ya ƙare da cewa mahaifinsa ya rasu kuma shi ne babba, don Allah a taimaka masa. Haƙiƙa halin da yake ciki abin tausayi ne, amma kamfani ba gidan zakka ba ne. Abin da suke son ji bai wuce minti biyu ba: me ya karanta, me ya taɓa yi da hannunsa, me ya sa yake ganin ya dace da wannan aikin musamman. Roƙo a gaban kwamiti yana zubar da darajar mai yinsa, yana kuma sa a yi zaton ba shi da wani abin nunawa.

Sai batun Turanci. Babu amfanin ɓoye cewa da yawa daga waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati a Arewa suna iya karantawa su rubuta, amma bakinsu bai saba da furta shi ba, saboda daga aji sai Hausa. Maganin wannan ba haddace amsoshi ba ne. Wanda ya haddace amsa kamar hadda, da zarar an sauya masa kan tambaya sai ya tsaya cak. Maganin shi ne maimaici da baki. Ya sami abokai biyu ko uku su zauna masa a matsayin kwamiti, su yi masa tambayoyi da gaske ba da wasa ba, ya amsa da ƙarfi, a ɗauki muryarsa a waya ya saurara. Karon farko zai ji kunyar kansa, karo na biyar zai ga bambanci. Waɗannan majalisu da ake ɓata awa huɗu ana gardamar ƙwallon Ingila, da za su ware rabin awa su yi wa wanda aka gayyata wannan hidima, da sun yi abin da ya fi duk gardamar. Kuma ba a neman Turancin BBC. Gajeruwar jimla mai ma'ana ta fi doguwa mai manyan kalmomin da mai faɗinsu bai san fassararsu ba. Sannan a tuna cewa ga mai aikin lafiya ko aikin gona ko tallan kaya a Arewa, iya Hausa da Fulfulde ko Kanuri jari ne, a faɗe shi a fili. Wanda ya iya Larabci ko Faransanci shi ma kada ya bar shi a aljihu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka gayyata wani wuri ya wajaba ya san wurin: me suke yi, su wa suke yi wa, yaushe suka fara, ina rassansu. A da sai an sami wani na ciki an tambaya, yanzu kuwa mafi yawan wannan yana cikin wayar da ke hannun mai neman aikin. Abin mamaki ne a ga mutum ya kwana yana yawo a Facebook amma bai buɗe shafin kamfanin da zai je gobe ba. Ya sake karanta sanarwar aikin layi-layi, domin daga cikinta ake ciro tambayoyi. Idan aikin koyarwa ne ya san za a iya miƙa masa alli a ce ya koyar na minti goma, don haka ya je da darasi a shirye. Idan aikin ofis ne za a iya zaunar da shi gaban kwamfuta. Zamanin da takarda kaɗai take magana ya wuce. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su ci ba, ta sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin matakin, kuma jayayyar tana da hujjojinta, amma darasin ga mai neman aiki a bayyane yake: dukkan waɗannan mutane suna da takardu a fayil.

Su ma takardun suna da nasu bala'in, kuma a nan ne ake yi wa ɗan Arewa dariya a ofisoshi. A takardar firamare sunansa Muhammadu, a ta WAEC ko NECO ya zama Mohammed, a digiri an taƙaice shi, a katin ɗan ƙasa an sa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe, a banki kuma an juya na farko ya koma na biyu. Ranar haihuwa ma biyu ce ko uku. Shi ya san duk shi ne, amma kwamfutar da ke tantancewa ba ta sani ba. Irin wannan gyara yana cin makonni, wani lokaci watanni, tsakanin rantsuwar kotu da sanarwa a jarida da ofishin NIMC, saboda haka ba aikin daren intabiyu ba ne. Duk wanda ya gama karatu ya baje takardunsa a tabarma yau, ya gwada sunan da ke kansu harafi-harafi. Ranar zuwa kuma ya tafi da na asali da fotokwafi, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da ta kammala hidimar ƙasa, da hotuna, a jere cikin fayil mai tsabta, ba a naɗe cikin ledar da aka sayo burodi ba.

Wannan ya kawo maganar ƙarya, wadda ta zama kamar ba laifi ba. Kamfanoni da bankuna da yawa suna sa iyakar shekaru, alhali yajin aikin malaman jami'a kaɗai ya cinye wa ɗalibai kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Wannan zalunci ne a kan ɗan talakan da ba shi da kuɗin jami'a mai zaman kanta, kuma ya cancanci a yi ta faɗa har a gyara. Amma ba zai halatta wa mutum ya je kotu ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa a kan shekarun da ya san ba nasa ba ne. Wasu har takardar ƙwarewa suke bugawa daga kamfanin da ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1999 Shugaban Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya sauka daga kujerarsa cikin hawaye bayan an gano cewa digirin Jami'ar Toronto da ya yi da'awa babu shi, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. A Satumbar 2018 Ministar Kuɗi, Kemi Adeosun, ta ajiye muƙaminta saboda takardar yafewar hidimar ƙasa da aka gano ta jabu ce, ko da yake ta ce ba da saninta aka yi ba. Idan takardar bogi ta iya tumɓuke masu irin wannan ƙarfi, ina ga ƙaramin akawu da ba shi da kowa? Ban da wannan ma, albashin da aka gina a kan rantsuwar ƙarya da shi za a ciyar da iyali shekara talatin da biyar.

Cikin ɗakin ma akwai ƙaramar ƙarya da take jawo babbar kunya, wato a tambayi mutum abin da bai sani ba ya kama kame-kame. Waɗanda ke zaune a gabansa sun fi shi sanin fagen, kuma sau da yawa da gangan suke jefo tambaya mai wuya don su ga yadda zai yi. An ruwaito cewa Imam Malik, da dukkan iliminsa, yakan amsa tambayoyi masu yawa da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Mai neman aiki ya ce, "Yallaɓai, wannan ban taɓa aiki da shi ba, amma na yi aiki da mai kama da shi, kuma ga yadda zan bi in koya." Wannan amsa tana nuna mutumin da za a iya ba amanar kuɗi ko magani, domin ranar da ya yi kuskure zai faɗa. Haka kuma idan an tambaye shi dalilin barin tsohon wurin aikinsa, kada ya mai da kujerar ta zama wurin cin naman tsohon maigidansa. Ko da an zalunce shi, masu sauraro za su lissafa cewa gobe su ne a bakinsa.

Game da sutura ba a bukatar dogon bayani. Kaftani mai guga da hula ya wadatar a mafi yawan wurare a Arewa, inda aka ce a sa kwat kuma a nemi wanda ya yi daidai da jiki. Tsabta ce abin dubawa, da farce, da takalmi, da warin baki. A kashe waya. A isa wurin da aƙalla rabin awa, kuma wanda zai taso daga wani gari ya kwana a can, domin mota ba ta da alƙawari. A gaishe da maigadi da masinja da sakatare da mutunci, don ba a san wanda shugaban kwamiti zai tambaya ba.

'Yan'uwa mata suna da ƙarin abin lura. Hijabi ba abin da za a shiga da shi ana rawar jiki kamar mai laifi ba ne. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa. A Disambar 2017 an hana wata ɗaliba shiga bikin rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, ta tsaya a kan bakanta, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabin. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi haƙƙin sa hijabi a makarantun Gwamnatin Jihar Legas. Saboda haka 'yar'uwa ta shiga da natsuwa, ta ɗaga muryarta yadda za a ji, ta amsa abin da aka tambaye ta. Idan namiji ya miƙo hannu, ta ɗora nata a ƙirji, ta ɗan rusuna da fara'a ta gaishe shi, mafi yawan mutane suna ganewa nan take, kuma babu bukatar wa'azi. Idan aikin yana da yunifom ko kwanan dare, gara ta tambaya a nan, da a fara aiki a zo ana rigima. Haka shi ma namiji, idan yana son sanin yadda ake yi da lokacin sallar Juma'a, ya bari sai an ba shi damar tambaya a ƙarshe, ya yi ta cikin ladabi, ya kuma nuna a shirye yake ya rama lokacin.

Amma akwai abin da ya fi wannan hatsari. Ba kowace gayyata ce gayyatar aiki ba. A Afrilun 2021 wata budurwa da ta kammala Jami'ar Uyo ta rubuta a intanet cewa tana neman aiki, wani ya kira ta intabiyu a wajen gari a Jihar Akwa Ibom, ta tafi ba ta dawo ba. An tono gawarta a gidan su mutumin, kuma a Agustan 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Intabiyun da aka ce a ɗakin otal, ko a gidan wani, ko da daddare, ko aka ce kada a faɗa wa kowa, ba intabiyu ba ce. Kowace 'yar'uwa ta tafi da muharrami ko wata babba ta jira ta a waje, ta bar adireshin wurin a gida. Mazan ma ba su tsira ba a wannan zamani na satar mutane. Sannan duk wanda ya ce a turo kuɗin fom, ko kuɗin horo, ko na goro don a sa suna a jerin waɗanda za a ɗauka, to ko dai ɗan damfara ne ko mai sayar da haƙƙin wani. Mutane nawa suka sayar da gonar gado suka karɓi takardar ɗaukar aiki ta bogi, sai da suka je kama aiki aka ce ba a san da su ba? Wanda ma aka ba shi ta gasken, ya shiga aiki da bashi a wuya, kuma ba a bukatar malamin duba a san inda zai nemi mai da kuɗinsa.

Masu ɗaukar aikin su ma su ji tsoron Allah. A kira mutum ɗari daga garuruwa masu nisa saboda gurbi biyu da an riga an yi alƙawarinsu, a shanya su a rana tun safe har la'asar ba ruwa ba wurin zama, sannan a sallame su da cewa za a neme su, a ƙi ko aika saƙon waya, wannan cin amana ne. Wasu daga cikin mutanen nan bashi suka ci suka yi kuɗin mota.

Idan Allah Ya sa aka zo maganar albashi, nan ma kunya takan yi ɓarna. "Duk abin da kuka bayar" ba amsa ba ce, domin za a ba shi mafi ƙaranci kuma ba zai sami bakin magana ba daga baya. Ya bincika tun kafin ya zo abin da ake biyan masu irin aikin a garin, ya lissafa kuɗin motarsa na wata da na abincin rana, ya faɗi adadi tsakanin kaza da kaza. Ya sani cewa tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa Naira 70,000 ne, ko da yake dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma a nan ne yawancin ƙananan makarantu da shaguna suke fakewa. Ya tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire, domin a dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aikin kuma kashi 10. Ya nemi a ba shi komai a rubuce: albashi, da lokacin aiki, da tsawon watannin gwaji, da wa'adin da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. Dokar Ƙwadago a sashe na 7 ta wajabta a ba leburori da ƙananan ma'aikatan ofis irin wannan takarda cikin wata uku da fara aiki. Idan aka miƙo masa ita, ya roƙi a bar shi ya je gida da ita ya karanta, ya nuna wa wani wanda ya san aiki, musamman idan akwai sharaɗin ajiye takardun makaranta na asali a hannun kamfani, ko na kawo mai tsaya masa da zai biya idan kaya suka ɓace. Sai ya gamsu da waɗannan sannan ya sa hannu.